Ban Ruwan Albasa a Azumin Zaɓe

Azumin bana ya kama mu a bakin bazara. Da safe iska da ɗan daɗi, kafin azahar kuwa kwanon ɗaki ya fara ƙara kamar ana taka shi. Shekaranjiya ina zaune a zaure ina tsince zogale, autana ya dawo daga Jiratawa da buhun albasa a bayan moto, ya sauke a gabana. Warin ɗanyar albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya doki hancina, ga bakina a bushe. Sai na ji tafin hannuna yana zafi kamar yanzu na saki igiyar guga. Da na yi tunani, ashe watan ne ya zagayo ya dawo daidai inda ya same mu shekarar da aka fara zaɓen parti da yawa a ƙasar nan.

Lokacin muna unguwar Zariya ta Maraɗi, gidaje jefi-jefi, ba kamar yanzu da ba ka ganin ƙasa sai bulo ba. Ni ce da maigidana Malam Lawali, Allah ya jiƙansa, da 'ya'yanmu biyu, Nana da Habu. Malam ya yi shekaru yana aiki a wata izin, wato masana'anta. Rana ɗaya aka rufe ta, aka ce su je gida sai an neme su, ba a kuwa taɓa neman su ba. Abin da ya rage mana shi ne ɗan lambun da ya gada a fadamar Jiratawa, can gefe, inda kowa da rijiyarsa da gugarsa. Daminar da ta wuce ta yi gardama. Gonar hatsin surukata, Inna Tsahara, da ke Tsibiri ba ta ba da abin kirki ba, tun sanyi bai fita ba sai an zura jiki cikin rumbu kafin a taɓo dami. Shi ya sa Malam ya cika lambun da albasa, muka ɗora ranmu a kanta.

Siyasa kuwa ta shigo gari kamar ruwan farko na gulbi, da kumfa da tarkace da komai. Parti ba ta ƙirguwa, amma uku ne ake ji. Akwai tsohuwar parti ta masu mulki, waɗanda tun ina budurwa su ne dai. Akwai tamu, wadda Malam ya shiga tun ranar farko, yawancinta mushen lakwal ne, wato malaman makaranta, da ma'aikata da waɗanda aka sallama irinsa. Sai ta uku, mai tarin matasa, wadda a unguwarmu wani Shitu mai sayar da fetur a kwalba yake jan ta. Gari ya rabu har wajen mahauta. Na san matar da ta daina sayen nama wurin ƙanen mijinta saboda hoton da ya liƙa a teburinsa. A gidan suna sai ka ga tabarma uku, kowace da mutanenta.

Ana saura kaɗan a ga wata, su Malam suka tafi mitin, taron parti, a Tsibiri. A hanyar dawowa suka yi kiciɓis da ayarin su Shitu a inda hanya ta matse. Daga waƙa aka koma zagi, daga zagi aka koma sanda. Malam ya ɗaga hannu ya kare kansa, gorar Shitu ta sauka a kan hannun. A sharet, amalanken jaki, aka kawo mini shi, hannun dama yana lilo. Mai ɗori ya zo ya ja, ya ɗaure da karare, ya ce kada ya ɗaga ko buta sai bayan Sallah da nisa.

Albasa kuwa ta fara sa ƙwai, daidai lokacin da ba ta yafe ƙishirwa. Ba mu da halin ɗaukar ɗan ƙodago.

Na ce, "Malam, ni zan je."

Ya juya fuska ga bango. Na san abin da yake ci masa rai, amma na san abin da ke cikin rumbu. Aka aika wa Inna, ta zo daga Tsibiri da tabarmarta da ƙwaryarta don ta riƙe yara. Ranar da aka ɗauki azumi na hau sharet ɗin masu kayan miya da ke komawa Jiratawa.

Maƙwabcinmu na lambu wani tsoho ne, Baba Ɗan Jimma, wanda yake kan addinin kakanninsa. Matarsa Ladi ta share mini gefen ɗakinta. Ba ta azumi, amma in na tashi sahur sai ta tashi ta hura mini wuta, in ɗuma tuwon jiya, in babu kuma in dama hura da ruwa zalla. Ina sallame sallar asuba sai in kama hanyar fadama. Ƙasa da sanyi a tafin ƙafa, ganyen albasa da raɓa. In saki guga, in ja, in juye a arozuwar, bokitin nan mai bakin yayyafi, in bi fangali ina yayyafawa, in dawo. Da farko jiki yana da ƙarfi, har ina jin tsuntsaye. Rana tana ɗagowa sai igiya ta fara nauyi. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, suka fashe, na naɗe da tsumma na ci gaba. Abin da ya fi wuya ba yunwa ba ce. Ruwa ne mai sanyi yana zuba a ƙafarka, yana fantsama a fuskarka, harshenka kuwa ya manne da ganɗa kamar tsohuwar fata.

Baba Ɗan Jimma ya yi ta kallona ta kan darni. Wata rana da hantsi jiri ya ɗebe ni, na zauna daɓas a bakin rijiya. Ya tsallako ya karɓe igiyar.

"Ɗiyata, ke bakinki a ɗaure yake, ni nawa a sake. Ki yi safe da marece, tsakar rana tawa ce."

Haka muka raba. Da rana ina ƙarƙashin mangwaro ina cire masa ciyawa a tattasai, ko in taya Ladi surfe. In la'asar ta yi sanyi in koma bakin rijiya har sai rana ta yi ja. Buɗa baki kunun tsamiya ne ba sukari, da kwaɗon tafasa. Ranar Alhamis da marece nakan koma Maraɗi in ga yara, in yi wanki, Asabar in dawo.

Zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ya zo azumi yana farko-farko. Na je na jefa wa namu da farin ciki, Malam ma ya je da hannu a rataye. Aka yi ta jiran rediyo. Da sakamako ya fito, namu ne na uku. Ba wanda ya samu abin da ake bukata, don haka za a sake tsakanin biyun farko: na tsohuwar parti da na su Shitu. Ba a jima ba manyanmu suka fito a rediyo suka ce an yi ƙawance, duk mai son canji ya jefa wa na su Shitu.

Malam ya kashe rediyon da hannun hagu, ya ce wa Nana ta fitar masa da shi daga ɗaki.

Alhamis ɗin nan muna shan ruwa a tsakar gida maganar ta tashi. Inna ce ta fara. Ba ta faɗin sunan Malam don ɗan fari ne, sai dai ta ce "mijinki".

"Ki gaya wa mijinki ya huta. Waɗanda ya sha sanda dominsu sun je sun ci abinci kwano ɗaya da masu sandar."

Malam ya ce, "Ai na huta, Inna. Hannun da zan jefa musu da shi sun karya shi. Ranar ko ƙofar gida ba ni fita."

"Ni dai zan fita," in ji Inna. "Na san inda tawa za ta."

Na ce, "Tsoffin, Inna?"

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Hinda, shekarar da kika haifi Nana, nononki ya ƙafe, muna cin ganye ba gishiri, wa ya kawo jar dawa da madarar gari har Tsibiri? Waɗanga yaran masu ihu?"

"Na tuna, Inna. Ban manta ba."

"To?"

"To su ne kuma suka rufe izin. Su ne Nana ta shekara tana zuwa lakwal tana dawowa ba mushe."

"Kin tabbata na su Shitu zai buɗe?"

Gaskiya ban yarda da shi ba ko kaɗan. Duk sanda na ga hotonsa a bango, sai in ga hannun Malam yana lilo a sharet.

A bakin rijiya tunanina ya tsaya wuri ɗaya. Muna zaune da Baba Ɗan Jimma muna jiran ruwa ya taru, ya ce, "Ku mutanen birni kun fi mu jin labari. Da gaske ne wai takarda tana sauke mai mulki? Ni tun zamanin Nasara ina biyan haraji, ban taɓa ganin wanda ya sauka ba sai da mutuwa ko bindiga."

Na juya maganar a raina. Ni ma ban taɓa gani ba. Duk zaɓen da na sani a da, takarda ɗaya ake miƙo maka ka jefa ka tafi. Na ce, "Baba, ni ma so nake in gani da idona. In ta sauke waɗannan, to ta iya sauke na bayansu." Daga ranar na san abin da zan yi. Ba son na su Shitu na fara ba. Shi ne kawai sandar da ke kusa da hannuna.

Azumi yana raba tsakiya zafi ya sauko sosai. Iska ta daina motsi, yashin gulbi yana walƙiya har ido ba ya iya kallonsa. Ruwan rijiya ya yi ƙasa. Guga takan dawo rabi, daga baya ta fara dawowa da laka. Sai in ja kaɗan in zauna in jira ya tsatso. Bakin ganyen albasa ya fara yin rawaya. A gabas da mu kuwa akwai babban lambun Alhaji Rabe, ɗan kasuwa ne kuma jigo a tsohuwar parti, yana da motopom, injin ban ruwa. Tun safe take ruri, ruwa yana bulbulowa daga tiyo kaurin cinya, yana gudu cikin kwalbati. Ƙararta kaɗai takan sa maƙogwarona ya motsa.

Wani marece Alhaji Rabe ya tako da kansa har bakin rijiyata. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa yi mana mugunta ba. Ya tambayi jikin Malam, ya leƙa rijiya, ya girgiza kai.

"Matar Lawali, wagga wahala ta yi yawa. Tiyona ya isa nan. In sa yara su ja miki shi har ki cire albasa, in kuma aiko da buhun hatsi na Sallah."

Na ce, "Allah ya saka, Alhaji."

"Abu ɗaya ne ƙarami. Ku uku ne masu kati a gidanku, ko? Ranar zaɓe kowa ya fito mini da takardar na su Shitu."

A lokacin kowane ɗan takara da takardarsa mai hotonsa. Za ka ɗauki duka ka shiga bayan labule, ka sa wadda kake so a anbulop, ka yar da ɗayar a kwando. Duk wanda ya fito da takardar wani a aljihu, an san ba shi ya jefa wa ba.

Na ce sai na yi shawara da gida. Ya ce ba komai, tiyo yana nan.

Na kai maganar Maraɗi ba tare da na sa bakina ba, ina so in ji nasu. Malam ya ce, "Ki karɓa. Dubi hannunki. Ni in dai Shitu zai ji kunya, ko tsoffin ne na ba su."

"Bayan izin, Malam?"

"Izin ta riga ta tafi. Albasa ce ba ta tafi ba."

Na ɗauka Inna za ta fi kowa murna, tunda dama can nata ne. Sai na ga ta tsuke baki.

"Rabe ɗan Hajo? Wanda aka haifa ina tsaye? Shi zan fito wa da takarda a ƙugu kamar ɓarauniya, ya duba ya ga ko na yi gaskiya?" Ta gyara zama. "Ni tsohuwar parti zan jefa wa, da ruwa ko ba ruwa, don na ga abin da suka yi mini. Amma ba a sayen tawa. Ki ce masa uku ba su cika ba."

Na ce, "Dama ko kin ba da taki, Inna, tawa ba ta fita."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Na sani. Taurin kanki ba yau na fara ganinsa ba."

Na koma na gaya wa Alhaji Rabe mun gode. Bai yi fushi ba, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tafi. Motopom ta ci gaba da rurinta.

Baba Ɗan Jimma ya tara maƙwabta aka yi mana gayyar yasar rijiya. Mutum biyu suka shiga ciki suna cika guga da laka, mu muna ja muna zubarwa, masu azumi da marasa azumi duk mun koma kalar ƙasa. An samu ƙarin ruwa, amma ba wanda zai ishi lambun duka ba. Baba ya zagaya fangula da hannu a baya, ya dawo ya ce, "In kika ce kowace sai ta sha, duka za su mutu. Zaɓi."

Na bar na nesa da rijiya. Kullum sai na wuce ta gefensu da arozuwar cike, ruwa yana ɗiga a ƙafata, ban zuba musu ba. Ganyen ya yi rawaya, ya yi fari, ya kwanta. Malam ne ya dasa su da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kuka ba, don ko ruwan hawaye ban da shi a jikina, amma na daina kallon wajen.

A goman ƙarshe ina gida, ana dab da kiran magariba, aka yi sallama. Na leƙa zaure, sai ga Shitu a durƙushe da kwalin sukari da ganyen shayi a gabansa. Ya rame, kampan ta cinye shi. Ya ce yana son ganin Malam. Na shiga na faɗa, Malam ya ce ba ya nan, da ƙarfi yadda za a ji daga waje.

Shitu ya sunkuyar da kai. "Yaya Hinda, sharrin Shaiɗan ne. Yanzu ai mun zama ɗaya."

"Ba mu zama ɗaya ba, Shitu. Manya ne suka zama ɗaya a Yamai. Ni tun farkon azumi nake jan guga saboda gorarka." Na warware tsumman na nuna masa tafin hannuna. Ya kalla, ya kawar da kai.

"Yanzu ke nan ba za ku ba mu ba?"

"Tawa zan ba naku. Ba don kai ba, ba don shi ba. In da akwai wani a tsaye gaban tsoffin, ko wane ne, shi zan ba. Ka je ka gaya wa manyanka haka, kada su ɗauka ƙauna ce."

Ya tashi ya tafi. Sukarin kuwa na ɗauka, don yarana sun gaji da kunu salam. Da Inna ta ji zaƙi a bakinta ta tambayi inda aka samu, na faɗa mata. Ta ƙara kurɓa ta ce, "Sukari dai ba ya da parti."

Sallah ta zo ba ɗinki. Na wanke tsoffin kaya na sa musu shuni, Inna ta yanka kazarta da ta zo da ita daga Tsibiri. Ba a gama gaishe-gaishen Sallah ba ranar zaɓe ta zo. Inna katinta na Tsibiri ne, don haka tun da sassafe ta shirya. Na dama mata hura na zuba a gora, na raka ta bakin hanya inda sharet ke tsayawa. Malam ya biyo mu a baya yana riƙe mata tabarma da hannun hagu.

Na ce, "Inna, na dama miki hura don ki samu ƙarfin zuwa ki kashe mini ƙuri'a."

Ta yi dariya har haƙorinta ɗaya na gaba ya fito. "Ke ma ai tawa za ki kashe. Ni da ke mun tashi a banza ke nan. Gidan nan sai abin da mijinki ya ce, shi kuwa ya ce barci zai yi."

Ta hau ta tafi. Malam ya tsaya yana kallon ƙurar sharet.

A lakwal ɗin su Nana aka sa biron zaɓen unguwarmu. Layin mata ya zagaye aji har ya kai gindin bishiyar bedi. Rana ta buɗe, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin silifa. Wata yarinya tana yawo da tulun ruwa, na saya na sha, ina jin abin baƙo a bakina da rana tsaka. Ba a hira sosai a layin. Wadda ke gabana matar wani mushe ce, 'yar partinmu. Ta juyo ta ce a hankali, "Wallahi raina ba ya so." Na ce, "Nawa ma." Muka matsa gaba.

Bayan labule na tsaya da takardu biyu a hannu. Na dubi hoton na su Shitu, yana murmushi kamar ya san ni. Na tuna fangulan da na bari, na tuna tambayar Baba Ɗan Jimma. Na ninke takardar na tura a anbulop, na dunƙule ɗayar na jefa a kwando da ƙarfi har ta yi tsalle. Aka dangwala mini tawada a yatsa na fito.

Sai ga Malam a gindin bedi, da rigarsa ta Sallah, hannu a rataye. Na zauna a gefe. Ya daɗe yana kallon layin maza. Can Shitu ya wuce da takardun wakili a hannu, suka haɗa ido, Shitu ya yi saurin shigewa. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai tashi ya tafi gida. La'asar ta yi, layi ya rage. Sai ya miƙe ya karkaɗe riga ya je ya tsaya a ƙarshe.

Da ya fito, tawada a babban yatsansa na hagu. Muka kama hanya. Sai da muka kusa gida na ce, "Yaya, Malam?"

Ya tofar da yawu. "Maɗaci ne. Na haɗiye."

Ina Jiratawa sakamako ya fito. Wani yaro ya rugo ta cikin lambuna da rediyo a kunne yana ihu tsoffin sun faɗi. Motopom ɗin Alhaji Rabe ta yi shiru ranar. Baba Ɗan Jimma ya jingina da fartanya, ya buɗe baki ya daɗe bai rufe ba, sannan ya ce, "Ashe tana saukewa." A Maraɗi an kwana biyu ana busa odar mota da kiɗa, su Shitu a kan mota. Gidanmu ba wanda ya leƙa. Inna ta aiko daga Tsibiri cewa Allah ya sa alheri ne, a kuma mayar mata da ƙwaryarta.

Muka cire albasa cikin tsakiyar bazara. Rabin da ya tsira ya yi kyau, jajaye masu nauyi. Muka musanya da hatsi, muka yi ta lallaɓa shi, rana ɗaya tuwo rana ɗaya kunu. Da hadarin farko ya haɗo daga gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa tun ruwan bai iso ba, yara suka fita tsirara suna tsalle. Washegari duk muka tafi Tsibiri shuka. An kwance wa Malam ɗori, hannun ya warke a ɗan karkace, ba ya iya sara. Ni na riƙe sungumi ina sarawa, shi yana bina da ƙwaryar iri yana zubawa yana rufewa da ƙafa, Inna tana bayanmu tana faɗan layinmu bai miƙe ba.

Waɗanda muka ɗora kan mulki ba su buɗe izin ba. Shekara ba ta cika ba darajar sefa ta faɗi, sabulu da sukari da maganin likita suka yi tsalle. Lakwal ta ci gaba da buɗewa tana rufewa. Manyan da suka rungumi juna a rediyo suka koma zagin juna a rediyon, ƙawancen ya watse. Shitu kam ya bar fetur, ya yi sabon moto, wuyansa ya yi kauri. Aka rushe majalisa aka kira sabon zaɓen depite, wato 'yan majalisa. Abin da ya fi ba mutane dariya, partinmu yanzu ta koma ta haɗa kai da tsohuwar parti don a taka wa su Shitu birki.

Ana gobe zaɓen Shitu ya tsaya da motonsa a ƙofar gida, ko sauka bai yi ba. Ina shara, Inna tana zaune a zaure, ta zo ganin likita.

"Yaya Hinda, ke ai tamu ce, ba sai na yi magana ba."

Na miƙe da tsintsiya a hannu. "Aro na ba ku, Shitu. Gobe zan je in karɓo abata."

Ya yi dariyar yaƙe ya ja moto. Inna ta yi ta ƙyaƙyata har tana tari.

"To, ɗiyata, kin sha wuya kin kashe rabin albasa, ga shi kin zagayo kin same ni inda nake."

Na ce, "Ban same ki ba, Inna, wucewa zan yi ta gabanki. Naki ma in sun sake ɓatawa, na san hanyar lakwal."

Ta share hawayen dariya da bakin gyale, ta ce, "To ki tashe ni da wuri. Tsibiri da nisa, ba na so ki riga ni jefawa."